Idon Inna da Jirgin Aswan

Inna ta zo wurinmu Alƙahira a sanyin da ya shiga shekarar 2015, don a cire mata yanar ido. Ta daɗe tana laluben abubuwa a gida. Ta daina tsintar shinkafa, ta daina zuwa biki, jikokinta ma sai sun yi magana take gane wanda ke gabanta. Maigidana ne ya matsa a kawo ta. A lokacin yana aiki a ofishin jakadanci, muna zaune a wani bene a unguwar Dokki, mu da yaranmu biyu, babbar mace da ƙaninta.

Aikin ya yi kyau. Ranar da aka cire bandejin muka dawo gida, abin da ta fara cewa shi ne ashe labulen falona kore ne, ita duk a zatonta ruwan toka ne. Sannan ta dube ni, ta daɗe tana dubana, ta ce, "Ke ma har kin fara furfura." Ta kawar da kai. Ni ce 'yar farinta, ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" take ce mini, in kuma da wani take magana ta ce "'yar nan".

Gidanmu ba babba ba ne, amma ita da surukinta sun iya zama a cikinsa ba tare da sun haɗa ido ba. Da yamma ta yi, ta ji lifta ta tsaya a hawanmu, sai ta naɗe dardumarta ta shige ɗaki. Shi kuma ya cire takalmi, ya je bakin ƙofarta ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa daga ciki tana sa masa albarka. Abincinta a tire nake kai mata, in yana gida sai ta tura ƙofa kafin ta sa hannu. Ba ta fitowa banɗaki muddin yana falo. Da ya lura da haka, sai ya ƙirƙiro wa kansa sauka ƙasa sayen burodi ko jarida a lokutan da ya san za ta yi alwala, har injin sanyinmu ya cika da burodin da ba mai ci. Kullum a gabana ake yin wannan. A cikinsa na tashi, na saba da shi har na daina ganinsa.

A shekarun nan baƙi masu yawon buɗe ido sun yi ƙaranci a Masar, manyan jiragen ruwan da ke tafiya tsakanin Aswan da Luksor suna ta neman fasinja. Wata rana maigidan ya dawo fuskarsa a sake, ya ce ya biya mana tafiya a hutun makarantar yara. Za mu shiga jirgin ƙasa zuwa Aswan, daga can mu hau jirgin ruwa mu yi kwanaki a kan kogin Nilu. Ɗaki biyu ya kama, ɗaya namu da ƙaramin, ɗaya na Inna da jikarta.

Ya ce, "Tunda Allah ya buɗe mata ido, ya kamata ta ga wani abu da shi ban da bangon gidan nan. Ki gaya mata, ki ji abin da za ta ce."

Na shiga na ce mata, "Inna, baban yara ya ce za a kai ki ki ga kogi."

Ta ce, "To, Allah ya saka masa da alheri."

Iyakar abin da na gaya mata ke nan, na fito na ce masa ta yarda. A taron da mu matan ma'aikata muke yi duk wata kuwa, ban rage komai ba. Na ba da labarin jirgin, da ɗakunan, da yadda mijina ya ɗauki uwata kamar tasa. Daɗin faɗin nake ji, ina kallon fuskokinsu suna cewa masha Allah. Na saya wa Inna rigar sanyi da takalmi mai laushi, na fito da akwatuna.

Ana saura 'yan kwanaki mu tashi, 'yata ta ɗauko kwamfutar babanta ta zauna kusa da kakarta tana nuna mata hotunan jirgin. Ina kicin ina jin su. Ta nuna mata ɗakin kwana, da ɗakin cin abinci, da saman jirgin inda ake da wurin wanka, Turawa kwance a bakinsa suna shan rana. Inna ta gyara sabon gilashinta.

Ta ce, "Kwana ake yi a ciki?"

"Eh mana, Kaka. Ga namu ɗakin, ga na su Baba a jikinsa."

"Abincin fa, ina ake ci?"

"Ga shi nan. Kowane iyali da teburinsu."

Ban ji ta ƙara tambayar komai ba.

Washegari da safe, bayan maigidan ya fita, yara sun tafi makaranta, na kai mata koko. Ta karɓa ta ajiye, ta ce, "Ke, ni fa ba za ni tafiyar nan ba. Ku je, Allah ya kiyaye hanya."

Na zaci wasa take yi. Da na ga ba wasa ba ne na zauna na fara lallashi. Na ce an riga an biya, kuma ba a mayarwa. Ta ce Allah ya mayar masa da ninkinsa. Na ce ko tsoron ruwa take ji. Ta ce ita da ta tsallaka gulbi a kwalekwale da goyo a baya. Na ce ko gwiwa ce, ta ce gwiwarta lafiya lau.

"To mene ne, Inna?"

"Ku dai je."

Raina ya fara ɓaci. Ina tunanin akwatunan da na buɗe, da matan da na cika wa baki, da fuskar maigidan ranar da ya kawo labarin. Can cikin zuciyata na san dalilinta, amma ban so ta kai ga faɗinsa ba, don ban san yadda zan yi da shi ba. Sai na ji bakina ya ce, "Haba Inna, nan fa ba ƙauye ba ne."

Ta ɗago ta dube ni. Ta jawo carbinta, ni kuma na tashi na fita, kokon yana nan inda ta ajiye shi.

Da yamma maigidan ya shigo da leda a hannu. Wani mayafi ne mai kauri da safa ta ulu ya sayo mata, wai an ce masa iskar saman jirgi tana da sanyi da safe. Ya miƙo mini yana tambaya ko launin zai yi mata. Na tsaya riƙe da ledar. Ta yaya zan ce masa an ƙi kyautarsa, kuma saboda shi aka ƙi?

Na ce, "Inna fa ba za ta iya tafiyar nan ba. Idon ne. Tun jiya yake yi mata zafi."

Na zaci zai ce Allah ya sawwaƙe, maganar ta wuce. Kafin in rufe baki ya ciro waya. Na ce ba sai an kira likita ba, abu ne kaɗan. Ya ce in ido ne ba abu kaɗan, ya kuma yi mini faɗa a kan na bari har aka kwana ban gaya masa ba. Likitan ya ce a kawo ta jibi da safe. Daga nan ya kira mutumin kamfanin da ya sayar mana da tafiyar. Mutumin ya ce ma'alish, wato a yi haƙuri, lokaci ya ƙure, ba a mayar da kuɗi sai in da takardar likita.

Maigidan ya ce, "Shi ke nan ma, likita zai rubuta." Ya je bakin ƙofar Inna ya durƙusa ya ce, "Inna, ya jiki?" Ta amsa da alhamdulillahi kamar yadda take amsawa kullum, don tsoho ba ya rasa mai tambayarsa jiki. Na tsaya a bayansa ina jin su.

Na kwana da niyyar in gaya wa Inna abin da na yi. Da gari ya waye na ce bari in gama wanki, da na gama na ce bari ta yi azahar. Bayan la'asar aka danna ƙararrawa.

Matar babban jami'in ofishinsu ce, wadda muke ce wa Hajiya Babba, da wasu mata biyu a bayanta, kowace da kula a hannu. Maigidan ya faɗa a ofis, mazan sun kai gida. Inna kuwa tana falo a bakin taga inda rana ke shigowa, ta zura zare a allura da kanta, tana ɗinka maɓallin rigar makarantar jikanta. Tun da aka yi mata aikin ba abin da take so kamar ɗinki.

Hajiya Babba ta ce, "Subhanallahi! Inna, ido na ciwo kina ɗinki? Sannu, ya idon? Yanzu muke jin ya tashi."

Inna ta dubi Hajiya Babba, ta dubi kulolin, sannan ta dube ni. Ban san tsawon lokacin da kallon ya ɗauka ba. A hankali ta soke allurar a jikin rigar, ta tura ta ƙarƙashin mayafinta.

Ta ce, "Da sauƙi, alhamdulillahi. Sannunku da zuwa."

Suka yi mini caa. Yaya zan bar ta a cikin hasken rana? Yaya zan ba ta allura? Ɗaya ta ja labule falon ya yi duhu. Suka kwantar da Inna a doguwar kujera, suka sa mata matashi. Hajiya Babba ta fito da 'yar kwalbar ruwan zamzam daga jaka, ta jiƙa auduga ta shafa mata a fatar ido. Ɗaya daga cikin matan 'yar Jos ce, Kirista, ita ta dafo farfesun kaza, ta ce tun da mijinta ya gaya mata ta sa Inna a addu'a. Ta ukun ta ba ni lambar wani likita da ta ce ya fi namu. Suka ce kada in damu da tafiyar, lafiyar uwa ta fi komai, Allah zai ba ni ladan haƙuri.

Ina ta kai da komo, ina kawo shayi da ruwa, don kada in zauna a dube ni. Da za su tafi Hajiya Babba ta ɗaga hannu ta yi doguwar addu'a, Allah ya ɗauke wannan ciwo, ya sa kaffara ne. Inna tana kwance idonta a rufe. Na shafa tare da su, na ce amin.

Da na raka su lifta na dawo, na tarar ta tashi ta buɗe labulen da kanta.

Ta ce, "Ke, zo nan. Wa ya ce idona na ciwo?"

Na durƙusa. Na ce, "Ni ce."

"Idon da na yi shekaru ina roƙon Allah a kansa, ya ba ni, shi kike kira wa ciwo da bakinki? In aka amsa miki fa?"

Na sunkuyar da kai.

"Bayin Allah sun bar aikinsu sun dafa kaza. An ɓata ruwan zamzam. Ni da girmana kin sa na kwanta ina rufe ido kamar 'yar wasan kwaikwayo. Da sauƙi na ce, ban yi ƙarya da baki ba, amma ai na kwanta."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Na ce ta yafe mini, ban san abin da zan gaya wa baban yara ba ne.

Ta ce, "Yarinyar nan ta nuna mini teburin. Tebur ɗaya, da safe, da rana, da dare. Ni in zauna ina buɗe baki ina tauna, mijin 'yata yana gabana? In kwanta, katako ne kawai tsakanina da ku? Ga waɗancan matan ba sutura a bakin ruwa, in bi ta gabansu ni da shi? Uwata har ta koma ga Allah mahaifinki bai taɓa ganin ta kai kofi baki ba. Ban ce ku ku yi haka ba, zamaninku daban. Amma ni haka aka yi ni."

Na ce, "To me ya sa ba ki faɗa mini jiya ba?"

Ta ce, "Sai na faɗa? Ba a ɗakina kika tashi ba?"

Ta jawo rigar jikanta daga ƙarƙashin mayafi ta ci gaba da ɗinkinta.

Bayan magariba na sami maigidan a baranda na gaya masa komai, tun daga yadda na fara kai wa Inna maganar tafiyar. Ya daɗe yana kallon motocin da ke ƙasa.

Ya ce, "Na kira likita. Na faɗa a ofis. Yau har oga ya tare ni yana yi mini jaje."

Na ce na sani.

Sai ya yi wata 'yar dariya da ba ta jin daɗi ba. Ya ce shi ma tun ranar da ya biya yake tunanin yadda zai ci abinci a gabanta. Har ya shirya zai riƙa ɗaukar farantinsa ya hau sama, ko kuma ya ce azumi yake yi. Ya ce, "Da kika fito kika ce ta yarda, na zaci kin yi mata bayani ne. Na ce in ita ta iya, ni ma zan daure."

Wannan ya fi maganar Inna yi mini nauyi. Su biyun ba sa magana kai tsaye, ni ce bakinsu, ni ce kunnensu. Kowannensu ya yarda da abin da na kai masa.

Ya tashi ya ce in biyo shi. Ya durƙusa a bakin ƙofar Inna, ni ina tsaye a tsakani, rabin jikina a ciki rabi a waje. Tana zaune a kan darduma, ta juya fuska bango.

Ya ce, "Ki ba Inna haƙuri. Laifina ne da ban yi tunani ba. Ki ce mata ni zan zauna, dama akwai aiki a ofis. Ku tafi ku da yara ta ga wuri."

Ta ji shi sarai, amma sai da na maimaita.

Ta ce, "Ki ce masa Allah ya yi masa albarka, ya ba shi masu yi masa. Amma ba za a ce na zo gidan mutum na kore shi daga tafiyarsa ba."

Na juya na maimaita.

"Ki ce mata don ita aka shirya tafiyar."

"Ki ce masa na gani, na gode, ladansa ya riga ya samu. In ya fasa saboda ni, to gobe a sa ni a jirgi in koma gida."

Aka yi ta haka, ina juya kai dama da hagu, ina faɗa wa kowa abin da ya riga ya ji. Yara sun leƙo suna kallo. A ƙarshe maganar Inna ce ta tsaya: mu za mu tafi, ita za ta zauna. Ita ta zaɓi wadda za ta taya ta zama, wata tsohuwa Bahaushiyar Sudan da ke zaune a unguwar Ard al-Liwa, mai kawo mana turaren wuta da lalle. Tun zuwan Inna suka saba, in suka zauna hira sai an yi da gaske ake raba su.

Wurin likita dai mun je, tunda an riga an sa rana. Ya haska idon ya ce tamam, ya warke sarai. Maigidan bai nemi wata takarda ba, ni ma ban tayar da maganar ba. Daga can na ce ya sauke ni a ofishin masu tafiyar, ni zan shiga. Mutumin ya miƙo hannu yana jiran takardar likita. Na ce babu, mahaifiyata lafiyarta ƙalau, ba ta son zuwa ne kawai. Ya ɗaga kafaɗa ya ce ma'alish, abin da zai iya yi shi ne ya canza suna in muna da wani. Mun nemi wata ɗaliba 'yar garinmu, ta ce tana da jarrabawa. Haka gurbin ya tafi ba kowa.

Jirgin ya fi hotunansa kyau. Fasinjojin ba su da yawa, galibi iyalan Misirawa ne da suka fito hutu. A ɗakin cin abinci aka kai mu teburinmu, an jera faranti har da na Inna. Mai kawo abincin ya tambaya ina Hajiya, wato Inna. Kafin in buɗe baki maigidan ya ce masa da Larabci, "Ba ta so zuwa ba." Mutumin ya ce khalas, wato shi ke nan, ya kwashe farantin da cokulan, ya tafi kawo miya. Na bi shi da kallo. Iyakar abin da ake bukata a faɗa ke nan tun farko.

Yara sun ji daɗi, suna ta guje-guje. Ni kuwa duk abin da na gani a bakin kogin sai in ce a raina wannan da Inna ta gani. Gonakin rake, da itatuwan dabino, da mata suna wanke tukwane a bakin ruwa kamar a garinmu, da wani tsoho a kan jaki ƙafafunsa suna jan ƙasa. Da ta ce ashe su ma haka suke.

Akwai wata tsohuwa Bamisiriya a jirgin, tare da ɗanta da matarsa. Ban taɓa ganinta a ɗakin cin abinci ba. Na lura kullum ana wucewa da tire a rufe zuwa ɗakinta, da yamma kuma ta fito ta zauna a wani lungu a bayan jirgin, nesa da wurin wankan, tana kallon ruwa. Na tambayi mai kawo abincin, ya ce ai duk mai so ana kai masa ɗaki, faɗa kawai zai yi. Ana iya ba mutum ɗaki a wani hawan ma in ya nema. Ban san ko Inna za ta yarda da hakan ba. Wataƙila da ta ƙi duk da haka. Amma ban tambaye ta abin da ke damunta da niyyar gyarawa ba, ban kuma tambayi masu jirgin komai ba. A ranar ban iya cin abincin rana ba, na ce wa maigidan jiri nake ji.

Da muka dawo, tun daga bakin lifta muka jiyo ƙamshin turaren wuta da miyar kuka. Inna ta yi fes, an zana mata lalle a ƙafa. Ta bari maigidan ya gaishe ta ya fita masallaci, sannan ta fito falo tana sauraron labarin yara, kowa yana so a ji nasa.

Can ta ce, "Ai ni ma na ga kogin naku."

Ashe bayan tafiyarmu su Hajiya Babba sun sake zuwa duba ta, tunda sun san ba ma nan. Wannan karon ba ta kwanta ba. Ta zaunar da su ta gaya musu idonta lafiya lau, kunyar surukinta ce ta hana ta tafiya, 'yar nan kuma ta rasa yadda za ta faɗa ne. Ta ce Hajiya Babba dariya ta yi har da hawaye. Washegari Hajiya Babba ta aiko da mota aka ɗauke su, Inna da tsohuwar nan Bahaushiyar Sudan, zuwa unguwar Ma'adi a bakin kogi, suka shiga wani ƙaramin jirgi mai filafilan zane, mata zalla in ban da matuƙin. Suka yi yawo a kan ruwa har rana ta yi sanyi, suna cin gasasshen dankali.

Ta ce, "Ruwa ne dai mai yawa, tubarkalla. Sai dai bai kai yadda ake faɗa ba."

Na ce, "Inna, duk sun sani ke nan?"

Ta ce, "To da so kike in bar su suna ta dafa kaza?"

Kulolinsu suna kicin a wanke. Na yi kwanaki ina wuce su. A ƙarshe na zuba dabino da zoɓon da na sayo a Aswan a ciki, na aika wa matan biyu nasu, na Hajiya Babba kuma na ɗauka da kaina. A cikin tasi na yi ta shirya abin da zan ce. Na same ta a kicin da zane ɗaure a ƙirji a kan riga, tana ta aiki. Na gaishe ta, na fara, "Hajiya, dama na zo ne in ba ki haƙuri a kan..."

Ta ce, "Ke dai zauna."

Na zauna a kan wata 'yar kujera.

Ta ce, "Ni ba kazar ce ta dame ni ba, ba kuma zamzam ba. Abin da ya ba ni haushi, kin zaci mu ba za mu gane ba ne? Daga ina kike zaton muka fito? Uwata ta zo gidana a Legas ta yi wata guda, a bayan ƙofa take cin abinci. Da kin ce mana kunya take ji, wallahi ba wadda za ta ce miki don me."

Na ce haka ne. Ban iya ɗaga kai ba.

Ta tambaye ni yaya Aswan, na ce lafiya lau. Ta ce ita ba ta taɓa zuwa ba, kullum sai a shirya sai aiki ya taso wa mijinta. Sannan ta turo mini kwanon albasa da wuƙa, ta ce baƙi za ta yi da yamma, mai aikinta kuma ba ta zo ba. Na karɓa da sauri, na naɗe hannun riga. Na ji daɗin samun abin da zan sunkuya a kansa, na yi ta yanka har kwanon ya ƙare, ta ƙaro mini tattasai.